Sabon direban tirela, karanta wannan kafin ka ɗau lodin Legas

Wannan rubutun na ƙannenmu ne da suka gama zaman yaron mota aka miƙa musu makulli, da waɗanda ake shirin miƙa wa. Tuƙi kam kun iya, ba mai hankalin da zai ɗau tirela sukutum ya ba wanda bai iya juya ta ba. Abin da yafi wahalar da sabon direba shi ne mutane. Mai mota yana kira, mai kaya yana kira, ɗan kamasho yana ce maka ai wane kwana ɗaya yake shiga Legas, kai kuma kana gudun a ce sabon direban nan matsoraci ne, sai ka taka mota fiye da yadda ranka yake so. Duk wannan matsin bazai yi tasiri a kanka ba in ka gama tsara tafiyar tun motar tana gareji, ka san hanyar da zaka bi, ka san garin da zaka kwana, ka san nawa ne a aljihunka kuma na waye.

Fara da lissafin lokaci. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne. Dokar hanya ta ba tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a titin da ba tagwaye ba, 45 a cikin gari. Ko da ace titin lafiyayye ne tun daga Na'ibawa a Kano har Berger a bakin Legas kuma ba wanda zai tsaida kai, kana maganar awa 20 ne kana zaune kan sitiyari. To ina ramuka, ina shingaye, ina goslo, ina sallah da cin abinci da faci? Da lodi mai nauyi ka sa wa ranka kwana biyu zuwa uku, kuma wannan lissafin ka faɗa wa mai kaya tun a wurin lodi, da bakinka, a gaban shaida. In ya ce shi lallai gobe da asuba yake son kayansa a kasuwar Mile 12 ta Legas to ya nemi mota mai direba biyu. Masu tumatir da tattasai su suka fi wannan matsin, kuma ban ga laifinsu ba, kwando ɗari-ɗari ne ke ruɓewa a bayanka in ka makara, amma shi yasa nake ba sabon direba shawara ya fara da kayan da basa lalacewa, hatsin Dawanau, siminti, taki, buhunan albasa ma da sauƙi. Gwari da shanu sai hannu ya faɗa.

Sai hanya. Daga Kaduna hanyoyi uku mutane suka sani. Akwai tsohuwar hanya ta Birnin Gwari ka faɗa Tegina ka sauka Mokwa, ita tafi kusa a taswira amma shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta sa direbobi da yawa sun haƙura da ita, kada kusancin ya ruɗe ka. Akwai wadda zaka bi titin Abuja ka wuce Tafa, ka karya a Dikko, Lambata, Lapai, Agaie, Bida, Kutigi, Mokwa, ka haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Sai ta Lokoja, wato Zuba, Gwagwalada, Abaji, Koton Ƙarfe, ka haye gadar Murtala, daga nan ko Okene ko ka bi Obajana da Kabba ka fita Akure da Ife. Wacce tafi? Ba amsa ɗaya, ya danganta da wata da kuma satin da kake ciki. A damina tsakanin Lambata da Bida mota ɗaya in ta kafe ko ta kwanta sai layi ya kai kilomitoci, mutane su kwana biyu uku a daji ba ruwa ba abinci. Ta Lokoja kuma duk wanda ya yi tafiya a 2022 bai manta yadda ruwa ya shanye titi a wajen Koton Ƙarfe ba, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye har man fetur ya yanke a Abuja. Saboda haka daren da zaka tashi ka kira direba biyu ko uku da suka taho daga kudu a ranar, wanda ya biyo hanyar yau ba wanda ya bita wancan satin ba, ka tambaye su ina ya lalace, ina aka tare, ina ake faɗa. Taswirar waya tana da amfani wajen nuna cunkoso amma bata san kana jan tirela ba, zata iya tura ka wani lungu da ko kanta bata juyawa. In kuma lodin na gabas ne, Onica ko Aba, ka tuna a 2021 aka fara tilasta zaman gida ranar Litinin a yankin, in har yanzu ana yi ka tsara yadda Litinin bazata same ka a kan titinsu ba.

Wurin kwana ka zaɓe shi tun a gida, kuma ka zaɓi biyu, wanda kake fata da wanda zaka tsaya in dare ya riga ka. Mararrabar Jos, Tafa, Mokwa, Jebba, Ogere, duk wurare ne da manyan motoci ke taruwa, akwai masu gadi, akwai mai shayi, akwai bakanike da mai faci, akwai masallaci. Ƙa'idar ita ce ka kwana inda 'yan'uwanka suke, ka biya ɗan kuɗin gadi ba tare da ciniki mai tsawo ba, domin batir biyu da gas ɗin tankinka sun ninka abin da mai gadi zai karɓa sau ba adadi. Ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya in zaka yi fakin, dan Allah, rabin bodi a kan titi cikin dare ba fitila shi ya kashe bayin Allah da yawa a ƙananan motoci. Wuraren da ake tsoro kuma kamar dajin da ke tsakanin Kaduna da Abuja ko wasu sassan jihar Neja da Kogi, ka ratsa su da rana kuma cikin ayarin motoci. In la'asar sakaliya ta yi kana bakin irin wannan wurin ka kwana kawai, kowa ya kira ka ce masa ka tsaya.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce tafi raba direba da maigidansa. Kafin ka tashi ku zauna da mai mota ko manajansa ku fayyace komai: lita nawa na gas aka baka, nawa ne kuɗin hanya, a ciki ne kuɗin abincinka da na yaro yake ko daban, wa zai biya in taya ta fashe, wa zai biya in an kama mota saboda takardar da ta ƙare, kuma in aka riƙe ka kwana biyar ba a sauke kaya ba wa ke ɗaukar nauyin zaman. Nasan da nauyi yaro ya zauna yana yi wa Alhaji irin waɗannan tambayoyin, sai kaga kamar rashin kunya ne, amma akwai yadda ake yi cikin ladabi, ranka ya daɗe ina so ne in san iyakata kada in taɓa abin da ba nawa ba. Mai mota na kirki daɗi zai ji. Bayan kun gama ka tura masa saƙo a WhatsApp ka maimaita abin da aka yi magana, shikenan ya zama rubutu. Ka sayi ɗan littafi ka ajiye a mota, duk naira da ta fita ka rubuta wuri da dalili, inda ake bada rasit ka karɓa ka ɗauki hotonsa.

Gas kuma ka san cin motarka da kanka. Ka cika tanki, ka rubuta lambar kilomita ko garin da kake, in ka sake cikawa ka raba kilomitar da ka yi da litar da ka zuba. Yawancin manyan motoci da lodi lita ɗaya tana kai su kilomita 2 zuwa 3 ne, tsohuwar mota da lodi ya yi wa yawa ko hakan bata samu. In ka san naka ba mai cutarka kuma ba mai zarginka. Zaka ga wasu suna zuƙe gas suna sayarwa a hanya suna ce maka ai kowa na yi, haƙƙin direba ne. Ba haƙƙinka bane, amana ce, kuma yanzu motoci da yawa akwai na'urar bibiya a jikinsu, maigida yana kwance a ɗakinsa yana ganin inda ka tsaya da minti nawa ka yi. Sunan da ka ɓata a gareji ɗaya kafin sati ya zaga duk garejin garin. Haka nan gas ɗin jarka na bakin titi mai araha, sau da yawa gauraye yake da kananzir ko ruwa, kuɗin gyaran famfo da nozul sai ya cinye ribar tafiya uku.

Takardu ba sai na ja ba. Lasisinka ya zama na tirela ne, wato ajin G, ba na ƙaramar mota ba. Takardun mota, inshora, shaidar lafiyar mota, webil ɗin kaya wato takardar da ke nuna abin da ka ɗauko, takardun haraji na jihohin da zaka ratsa, in kayan waje ne takardar kwastam. Duba ranar ƙarewar kowacce da idonka. Abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, da sitika mai ƙyalli a baya da gefen bodi. Tun 2017 jami'an kiyaye haɗurra suke tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya, in motarka da ita kada ka bari wani ya cire maka.

Duba mota da safe aikinka ne, yaro yana taimakawa ne kawai. Baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, fitilu har da na bodi, sannan ka tada injin ka jira iska ta cika kana kallon agogonta, ka kashe ka taka burki ka saurara ko akwai inda take tsiyaya. Tankunan iska akwai ɗan abin ja a ƙasansu, ka ja ka zubar da ruwan da ya taru, mutane suna raina wannan amma ruwan nan shi ke cin bawul a hankali har ranar da zaka nemi burki ka rasa. Leƙa ƙarƙashi ka tabbatar kan mota ya kama bodi ya kulle, ka ɗan ja gaba da burkin bodi a ɗaure kaji ya riƙe. Tayoyi ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe kana bugawa, ta ciki ma, ka taɓa notuna. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in kaga 2319 an yi ta a sati na 23 na 2019 kenan, kuma a ƙa'idar jami'an hanya taya shekara 4 take yi. Tayar gaba dai kada ka yarda da tsohuwa ko mai faci ko waye ya ce ka lallaɓa, ta baya in ta fashe zaka iya tsayawa, ta gaba in ta tashi da lodi sai dai Allah ya kiyaye. Safaya, jak mai ƙarfi, sifana, waigi guda biyu na tokare taya, tocila, igiya, jarkar ruwa.

Wurin lodi kada ka tafi shan shayi ka bar 'yan dako da ɗan kamasho su yi yadda suka ga dama. Tsaya ka ƙirga da kanka domin abin da aka rubuta a webil shi za a tambaye ka a can, buhu biyu in suka ɓace daga kuɗinka za a cire. Ka ga an raba nauyin daidai, kada ya taru a baya ko ya karkata gefe ɗaya, kada a yi tsiri sama. Ɗan kamasho zai ce a ƙara buhu hamsin ai motar tana ɗauka, shi kamashonsa yake ƙirgawa, ba shi zai hau tudun Okene da ita ba. Tamfol a ɗaure tamau, bayan tafiyar awa ɗaya ka tsaya ka sake jan igiyoyi domin kaya suna zama. In kwantena ce ka tabbatar an kulle ta a kusurwa huɗu, a Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan motar fasinja a gadar Ojuelegba mutane suka mutu, kuma ba shi ne karo na farko a wurin ba. Sannan maganar ɗaukar mutane a saman kaya. Nasan 'yan'uwanmu ne, masu tafiya cirani ne basu da kuɗin bas, kuma ɗan abin da zasu bayar yana rage hanya. Amma duk ranar da motar ta kwanta mutum talatin ko arba'in ne a ƙarƙashin buhuna ko shanu, kuma kai ne za ka amsa, a duniya da lahira. Ka ce a'a tun a tasha.

Masu tanka naku ya fi na kowa. Tankar da bata cika ba tafi cikakkiya haɗari, kamar mai ɗauke da rabin bokitin ruwa a ka ne, kana taka burki man yana tahowa gaba ya tura ka, kana shan kwana yana komawa gefe. Shiga kwana a hankali tun kafin ka iso ta. In kuma ƙaddara ta faɗa mai ya fara zuba, ka kashe injin, ka kira lambar gaggawa 122 ko 112, ka nemi mai gari da 'yan sanda a kori mutane, ka yi ta ihu ko za a ce ka haukace. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu wajen kwasar fetur, da na mahaɗar Dikko a Janairun 2025, ya isa kowa ya gane minti goma na farko su ne komai.

Gangara ita ce jarabawar sabon direba. Ka sa giya mai nauyi tun kana saman tudu, giyar da zaka hau da ita da ita zaka sauka, ka bar injin ya riƙe motar, burkin injin in akwai ka kunna. In ka ɗora ƙafa kan burki tun daga sama har ƙasa zai yi zafi ya daina kamawa, zaka ji wari, lokacin kuma giya bata shiga. Masu sakin mota a firi don su rage shan gas suna wasa da rayukan mutane ne kawai. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, ƙananan motoci zasu yi ta shiga tazarar suna cinye ta, ka sake buɗe wata, kada ka yi zuciya. Lokacin hunturu hazo yana rufe titi da asuba, gara ka jira gari ya waye sosai.

Barci kuma ba a yi masa dabara. A Turai doka ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma na'ura ce a motar take rubutawa. Mu nan ba mai duba ka sai kanka. In kaga ka fara hamma a jere, ko ka wuce wani gari baka tuna ka wuce shi ba, ko tayarka ta taɓa gefen titi, to ka riga ka fara barci, nemi wuri ka kwanta ko awa ɗaya ce. Za a kawo maka tiramol da gadagi da wasu haɗe-haɗe a kwalba a ce suna sa ido ya bushe. Idon yana buɗe amma ƙwaƙwalwar ta tafi, kuma daga guda ɗaya ake farawa, na ga samari masu ƙarfi da hankali da ƙwaya ta maida su ba mai basu ko Keke Napep. Goro da shayi sun isa, in basu isa ba to jikinka kwanciya yake nema. Sha ruwa sosai ko da zai sa ka yawan tsayawa, zaman kujera da ƙarancin ruwa su ke kawo ciwon baya da na ƙoda. Gidan sauro ka tafi da shi, sauron Jebba da Lokoja ba wasa. Sallah kuma Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi, akwai kasaru, ka haɗa tsayuwar sallah da duba taya da cin abinci ka ga ba lokacin da ya ɓata.

Yaronka, jiya-jiya kai ne a wurinsa, ka san abin da ya yi maka ciwo. Ka ciyar da shi abin da kaci, kada ka zage shi a gaban mutane, ka koya masa. Shi ne idonka na dama da na baya, shi zai sa waigi in mota ta mutu a tudu, shi zai kwana a kan kaya. Amma kada ka bashi tuƙi da lodi cikin dare don kai ka yi barci, in wani abu ya faru ba abin da zaka faɗa wa mai mota.

A shingaye kuwa zaka haɗu da iri-iri, masu kaki na gaskiya, 'yan haraji, 'yan ƙungiya, da matasan gari masu sanda da ƙusa da ba wanda ya san wa ya aiko su. Sauke gilashi, yi sallama, miƙa kwafin takarda, asalin yana wurinka sai in an matsa. Kada ka yi musu da mai bindiga, kada ka sauko da faɗa ko kana da gaskiya, kuma kada ka taɓa ƙoƙarin bi ta kan shinge. Canji ƙanana ka ware a aljihun gaba, manyan kuɗi a asusu ko a ɓoye. In abin ya wuce hankali ka kira mai mota da shugaban ƙungiyarku na garin, shi yasa katin ƙungiya yake da amfani, ko NURTW ko RTEAN, masu tanka kuma PTD, lambar shugaban reshe na manyan garuruwan hanyarka ta kasance a wayarka. Ka koyi gaisuwa da ƙirga da Yarbanci da ɗan turancin buroka, yana sauke fushin mutum fiye da yadda kake zato. In kuma ka ji ana rikici a gari kamar yadda aka yi a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, tsaya nesa da garin, a inda Hausawa suke da yawa, har ƙura ta lafa.

Kafin shiga Legas ka tsaya a Ogere ka kira mai karɓar kaya ka ji ko a shirye yake, ka tambayi wace hanya aka yarda babbar mota ta bi da kuma wane lokaci, domin akwai gadoji da titunan da in LASTMA, jami'an hanya na jihar Legas, suka ganka a kai janwe ne da tara mai nauyi. Gangaren gadar Otedola ka shige shi da giya a hannu, nan tanka ta kama da wuta a 2018 ta ƙone motoci da dama. In tashar jirgin ruwa zaka, Apapa ko Tin Can, tun 2021 sai da tikitin kira na manhajar Eto ake shiga, ka tabbatar mai mota ko ejan ya yi maka kafin ka tunkari wurin, in ba haka ba zaka yi ta zagaye ana tatsarka. Wurin sauke kaya ka tsaya a ƙirga a gabanka, a sa hannu a webil, ka ɗauki hoto ka tura wa maigida nan take. Lodin dawowa kada ka karɓa daga bakin wanda baka sani ba sai ka ga kayan da takardunsu kuma mai mota ya amince, domin buhun da aka ce maka garin rogo ne in kwastam ko 'yan NDLEA suka farke a hanya suka ga wani abu daban, wanda ya baka lodin wayarsa a kashe zaka same ta.